Kundin aikin ɗan littafi a kan Yayir mutumin Gileyad

14 ga Janairu, 2025

A yau na fara aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato rubuta ɗan littafi da Hausa a kan Yayir mutumin Gileyad, domin amfanin malaman da ke koyar da ajin manya a ikilisiyarmu da ƙauyukan da ke kewaye da mu. Abin da ya zaburar da ni shi ne, a bara mun karanta Littafin Mahukunta daga farko har ƙarshe, muka shafe makonni huɗu a kan Gidiyon, uku a kan Samson, amma da muka iso sura ta 10 sai muka wuce Tola da Yayir cikin numfashi ɗaya. Mutumin da ya riƙe jama'a shekara 22 bai samu ko minti biyar a ajinmu ba, kuma abin ya tsaya mini a rai tun daga ranar.

Duk abin da Nassi ya faɗa a kansa ayoyi uku ne, daga aya ta 3 zuwa ta 5. Ga yadda na juya su daga Ibrananci a zaman farko: Bayansa sai Yayir mutumin Gileyad ya tashi, ya shugabanci Isra'ila shekara 22. Yana da 'ya'ya maza 30 masu hawan jakuna 30, suna kuma da garuruwa 30 waɗanda ake kira Hawot-yayir har wa yau, a ƙasar Gileyad. Yayir ya rasu, aka binne shi a Kamon. Babu yaƙi a ciki, babu abokin gaba, babu ko kalma ɗaya da ta fito daga bakinsa. Na ƙudurta cewa littafin ba zai wuce shafi 24 ba, kuma duk abin da zan sa a ciki sai na iya nuna wa malami surar da ayar da ya fito.

21 ga Janairu, 2025

Mako guda cur na yi a kan kalma ɗaya. Ibrananci yana kiran waɗannan mutane shofet, kuma fassarorinmu na Hausa sun rabu a kanta: waɗansu sun ce alƙalai, waɗansu sun ce mahukunta. Bahaushe idan ya ji alƙali, abin da ke zuwa masa a zuci shi ne mutum a zaune a kotu, da muhuti a gefe, da mai ƙara da wanda ake ƙara a gurfane. A cikin littafin kuwa, Debora kaɗai aka nuna tana zaune mutane suna kawo mata shari'a, a ƙarƙashin itacen dabino tsakanin Rama da Betel. Sauran ko dai jagororin yaƙi ne ko masu riƙon jama'a. Kalmar tana da 'yan'uwa a harsunan da ke maƙwabtaka da Ibrananci: a takardun birnin Mari da ke bakin kogin Yufiretis ana kiran gwamnan yanki shapitum, a birnin Kartaj na arewacin Afirka kuma manyan shugabannin da ake zaɓa duk shekara sunansu daga wannan saiwa ya fito. Saboda haka a cikin ayar zan bar "ya shugabanci", sannan in yi bayani a shafi na biyu cewa aikin ya haɗa da raba gardama da kuma riƙon jama'a, kamar yadda dagaci ko hakimi na zamanin da yake yin duka biyun a zaure ɗaya.

Na kuma lura da wani bambanci da ban taɓa gani ba. A kan Tola an ce ya tashi domin ya ceci Isra'ila. A kan Yayir an ce ya tashi kawai, ba a ambaci ceto ba.

3 ga Fabrairu, 2025

Jiya bayan sujada na karanta wa ajin manya daftarin ayoyin, in ga yadda za su ji su. Ina kaiwa ga jakuna 30 sai waɗansu matasa suka yi dariya. Wani dattijo da ya yi shekaru yana fatauci ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in shugaba ne na gaske, ina dawakinsa? A ƙasarmu ɗan sarki ba ya hawan jaki ya shiga gari." Na ce masa, "Baba, tambayarka ita ce rabin littafin nan, ka ba ni mako biyu."

Gaskiyarsa ce a bisa abin da ya sani. A wurinmu doki ne abin hawan sarauta, shi ake yi wa ado ranar hawan salla, jaki kuwa na mangala ne da ɗaukar taki da itace, har ma sunansa ya zama zagi. A tuddan Isra'ila na wancan zamani abin ya sha bamban. Doki na karusan yaƙi ne, irin na Masarawa da sarakunan Kan'ana masu zama a kwari, kuma ba shi da wani amfani a kan duwatsu da 'yan siraran hanyoyin Gileyad. A waƙar Debora, sura ta 5 aya ta 10, ana kiran manyan mutane da cewa masu hawan fararen jakuna, masu zama a kan shimfiɗu. Abdon ɗan Hilel, wani daga cikin ƙananan shugabanni irin Yayir, waɗanda labarinsu gajere ne, an ba da labarinsa da irin wannan awo: 'ya'ya 40 da jikoki 30 a kan jakuna 70. Ko a zamanin Dawuda, 'ya'yan sarki alfadarai suke hawa, kuma a kan alfadarar Dawuda aka ɗora Sulemanu ranar da aka naɗa shi. Sai a mulkin Sulemanu ne dawaki suka yawaita, da karusai 1,400 da mahaya 12,000, alhali Maimaitawar Shari'a sura ta 17 ta gargaɗi sarki kada ya tara dawaki. A takardun Mari ma akwai wasiƙar da wani bafade ya rubuta wa sarki Zimri-Lim, kimanin shekara 1,770 kafin haihuwar Almasihu, yana ba shi shawara kada ya hau doki, ya hau alfadari ko karusa domin ya kiyaye martabar sarautarsa.

Kalmar da aka yi amfani da ita a ayar Yayir ita ce ayir, wato namijin jaki mai jini a jika, wanda aka ware domin hawa. Ita ce kuma Zakariya ya yi amfani da ita a sura ta 9 aya ta 9 a kan sarkin da zai zo. Ina tunanin sa "aholakai" a cikin bayani, domin masu karatun Linjila sun saba da kalmar.

5 ga Fabrairu, 2025

Na duba abin da Yusufus, Bayahuden marubucin tarihi, ya rubuta a kan Yayir a littafinsa na tarihin Yahudawa da ya kammala a Roma wajen shekara ta 93 bayan haihuwar Almasihu. Ya ce Yayir mutum ne mai albarka, musamman ta wajen 'ya'yansa 30, waɗanda suka gwanance wajen hawan dawaki, aka kuma danƙa musu riƙon garuruwan Gileyad. Jakunan sun ɓace, dawaki sun maye gurbinsu. Ashe tambayar da Baba ya yi mini ranar Lahadi ta riga ta damu wani kusan shekara dubu biyu da suka wuce, domin masu karatunsa Girkawa da Romawa ne, su ma suna raina jaki. Shi ya zaɓi ya sauya dabbar don ya kāre mutuncin shugaban. Ni zan bar jakunan a inda Nassi ya ajiye su, in yi wa mai karatu bayanin darajarsu.

17 ga Fabrairu, 2025

A aya ta 4 akwai wasa da kalmomi wanda ba ya fitowa a Hausa. Jam'in ayir shi ne ayarim. Jam'in gari kuwa a Ibrananci arim ne, amma a wannan ayar an rubuta shi ayarim, daidai da na jakunan, ta yadda mai sauraro zai ji kalma ɗaya sau biyu: ayarim 30 suke hawa, ayarim 30 suke riƙe da su. Waɗanda suka fassara littafin zuwa Girkanci sun yi sa'a, domin a harshensu 'yan jakuna polus ne, garuruwa kuma polis, sai amon ya tsira. Na kwana biyu ina neman makamancin haka a Hausa, na gwada jakai da birane, na gwada aholakai da ƙauyuka, duk ba su hau ba. Abin da ya fi kusa shi ne "jakuna talatin, yankuna talatin", kuma da na furta shi da ƙarfi ya yi mini daɗi a kunne ƙwarai. Sai dai yanki ya fi gari faɗi, idan na sa shi a cikin ayar na ba 'ya'yan Yayir ƙasar da Nassi bai ba su ba. Na yanke shawara ayar ta tsaya da "garuruwa", a cikin bayani kuma in kawo jakuna da yankuna a matsayin misali, domin malami ya ji irin amon da Ba'ibrane yake ji.

A fassarar Girkancin adadin 32 ne a duka wurare ukun: 'ya'ya 32, jakuna 32, garuruwa 32. Zan ambaci wannan a layi ɗaya, in bi Ibrananci.

Na mayar wa Baba amsarsa jiya. Ya saurara har na gama, sannan ya ce a zamanin fataucinsu mai jakuna 30 madugu ne, ba a zama a yanke maganar tafiya sai ya iso. Na roƙi izininsa in sa wannan magana a littafin ba tare da sunansa ba, ya amince.

6 ga Maris, 2025

Wannan sashe na Hawot-yayir shi ne mafi wuya, kuma ya cinye mini kusan mako uku. Matsalar ita ce sunan ya girmi shugaban da muke magana a kansa. A Littafin Ƙidaya sura ta 32 aya ta 41, tun zamanin Musa, an ce wani Yayir na zuriyar Manassa ya je ya ci ƙauyukan wurin ya sa musu suna Hawot-yayir. Maimaitawar Shari'a sura ta 3 aya ta 14 ta sake faɗar haka, sai dai ta danganta wuraren da yankin Argob a ƙasar Bashan, arewa da Gileyad. Joshuwa sura ta 13 aya ta 30 ta ƙidaya garuruwa 60 a Bashan. Littafin Tarihi na Ɗaya sura ta 2 ya ce Yayir ɗan Segub yana da garuruwa 23 a Gileyad, ya kuma ƙara da cewa daga baya Geshur da Aram sun ƙwace su. A can ne kuma aka nuna cewa kakan wannan Yayir, wato Hesruna, mutumin Yahuza ne da ya auri 'yar Makir ɗan Manassa yana da shekara 60. A Sarakuna na Ɗaya sura ta 4 aya ta 13, ɗaya daga cikin hakimai 12 na Sulemanu, mai zama a Ramot-gileyad, shi ke riƙe da ƙauyukan Yayir da ke Gileyad, da kuma yankin Argob mai manyan garuruwa 60 masu ganuwa da ƙyamare na tagulla. A wannan ayar an raba abubuwan biyu sarai.

Na zana duk wannan a babbar takarda na manna a bango: 23, 30, 60, Gileyad, Bashan. Masana sun kasu biyu. Waɗansu suna ganin mutum biyu ne, kaka da jika na nesa masu suna ɗaya, na farko ya kafa wuraren, na biyu ya gāje su ya zaunar da 'ya'yansa a ciki. Waɗansu suna ganin Yayir sunan dangi ne da ya zauna a arewacin Gileyad, aka adana labarinsa ta hanyoyi dabam-dabam. Ni na fi karkata ga na farko, domin haka littattafan suka jera abin idan aka karanta su bi da bi, amma zan kawo duka biyun a sakin layi ɗaya, saboda malami ya san da su kafin wani ɗalibi mai bincike ya tambaye shi.

Abin da ya warware mini ƙullin adadin shi ne ma'anar kalmar hawot kanta. Tana nufin ƙananan mazaunai na masu tantuna, kuma tana da 'yar'uwa a Larabci mai nufin tantunan da aka kafa a kewaye. Gileyad ƙasar kiwo ce, shi ya sa a Littafin Ƙidaya sura ta 32 zuriyar Ra'ubainu da ta Gad suka roƙi Musa ya bar su a can saboda yawan dabbobinsu. Irin waɗannan mazaunai ba su da tsayayyen adadi: bana a kafa uku, baɗi biyu su tashi, wata kuma ta bunƙasa ta zama gari mai kasuwa amma ta riƙe tsohon sunanta. Duk Bahaushe ya san garin da har yau ake kira Tungar wane ko Rugar wane ko Gidan wane, alhali wanda ya sare dajin ya daɗe da rasuwa kuma wurin ya wuce tunga nesa ba kusa ba. Da wannan zan fassara sunan: tungayen Yayir. Idan a wani zamani 23 ne, a wani kuma 30, babu abin mamaki a ciki.

20 ga Maris, 2025

Aikin taswira. Gileyad tana gabashin Kogin Urdun, a arewa maso yammacin ƙasar Jordan ta yau, Kogin Yabbok wanda yanzu ake kira Zarka ya ratsa ta tsakiya, Kogin Yarmuk kuma yana iyakar arewa. Kamon sau ɗaya tak aka ambace ta a Nassi. Yusufus ya ce garin Gileyad ne. Polibiyus, marubucin tarihi Bagirke, ya ambaci wani gari mai kusan wannan suna tare da Pella, cikin garuruwan da sarki Antiyokus na Uku ya ci a shekara ta 218 kafin haihuwar Almasihu. Masu bincike sun fi nuna ƙauyen Kam ko na Kumaim, yamma da birnin Irbid. Yusibiyus na Kaisariya, marubucin tarihin ikilisiya, ya kai ta yammacin Urdun, cikin babban kwari, amma wannan bai dace da mutumin da dukan gidansa ke Gileyad ba. 'Yata ta zana mini taswirar da hannu, na ce ta sa Kamon da ɗigo marar ciko, sauran wuraren da aka tabbatar kuma da ɗigo cikakke.

8 ga Afrilu, 2025

Yau na cire shafi huɗu daga daftarin, waɗanda na rubuta a farkon watan nan kuma na fi jin daɗinsu a lokacin. A cikinsu na mai da Yayir misalin shugaba mai cika muƙamai da 'ya'yansa, na haɗa shi da 'ya'yan Sama'ila da suka karɓi rashawa a Biyer-sheba, na kuma ce baƙin cikin da ya biyo bayansa shi ya shuka shi. Hujjar da na dogara da ita tana da ƙarfi a ido: a sura ta 10, aya ta 6 ta ce Isra'ilawa suka koma bautar gumaka, aya ta 8 kuma ta ce Ammonawa sun matsa wa mazaunan Gileyad shekara 18, wato ƙasar Yayir ce ta fara ɗanɗana wuyar. Kuma sa'ad da dattawan Gileyad suka rasa wanda zai ja su yaƙi, ba a ji ɗuriyar ko ɗaya daga cikin 'ya'ya 30 ɗin ba, sai da suka je ƙasar Tob suka roƙi Yefta, wanda 'yan'uwansa suka kora.

Abin da ya dawo da ni shi ne wani tsohon rubutu na Yahudawa daga ƙarni na farko, wanda ya iso mana da Latin, aka kuma daɗe ana jingina shi ga Filo, Bayahuden masanin falsafa, bisa kuskure. Marubucinsa ya mai da Yayir mai gina wa Ba'al bagade, mai jefa mutum bakwai cikin wuta don sun ƙi yin hadaya, har wutar ta juyo ta cinye shi. Na karanta na ce a raina, daga ina ya samo wannan duka a ayoyi uku? Nan take na ga cewa hanyar da ya bi ita na bi, sai dai shi ya yi nisa. Yusufus ya ƙara wa mutumin dawaki don ya ɗaukaka shi, wannan ya ƙara masa gunki don ya kushe shi, ni kuma na ƙara masa son kai don in sami darasin da ya dace da abin da ke damunmu a yau. Littafin Mahukunta ba ya jin nauyin faɗar laifin shugabanni. Ya faɗi na Gidiyon a kan falmaran da ya yi, ya faɗi na Abimelek wanda ya kashe 'yan'uwansa 70 a kan dutse ɗaya, ya faɗi na Samson dalla-dalla. A kan Yayir bai faɗi laifi ba, bai kuma yabe shi ba, kuma ba ni da ikon ɗora wa mamaci abin da ba a shaida a kansa ba.

Abin da zan bari shi ne abin da kowa zai iya gani da idonsa a jerin surorin. Kafin Yayir akwai gidan Gidiyon mai 'ya'ya 70 da ya ƙare da jini. Bayansa akwai Yefta mai 'ya ɗaya tilo wadda ya rasa ta sanadin wa'adin bakinsa. Bayan Yefta sai Ibzan mai 'ya'ya maza 30 da mata 30. Zan sa wannan jeri a gaban malami tare da tambayoyi uku, ajin ya tattauna.

29 ga Afrilu, 2025

Sashen shekaru ya kammala. Manyan masu ceto ana rufe labarinsu da adadi dunƙulalle: ƙasa ta huta shekara 40 bayan Otniyel, 80 bayan Ehud, 40 bayan Debora, 40 a zamanin Gidiyon. Na ƙananan kuwa adadin galibi ba dunƙulalle ba ne: Tola 23, Yayir 22, Ibzan 7, Elon 10, Abdon 8, Yefta kuma da ke tsakiyarsu 6. Kowane ɗaya an faɗi garinsa ko kabilarsa, da shekarunsa, da inda aka binne shi, kamar yadda ake jera sarakunan gari da tsawon mulkin kowanne. Wannan ne ya sa masanin nan Bajamushe Martin Noth, a shekarar 1950, ya kawo ra'ayin cewa jerin ya fito ne daga tsohon lissafi na masu riƙe da wani muƙami na kiyaye shari'a a Isra'ila. Masana da yawa daga baya ba su yarda da shi a kan muƙamin ba, amma lurar da ya yi game da siffar jerin tana nan. Tola da Yayir a haɗe shekara 45 ne, kuma a cikin ayoyi biyar da suka ba da labarinsu ba a ambaci ko harin maƙiyi ɗaya ba, bayan shekara uku na Abimelek da suka cinye sura guda mai aya 57.

Na ƙara ɗan sakin layi a kan sunan. Yayir yana nufin "yana haskakawa". Shi ne sunan mahaifin Mordekai a littafin Esta, shi ne kuma ya zama Yayirus a Girkanci, shugaban majami'ar da aka ta da 'yarsa a Markus sura ta 5.

12 ga Mayu, 2025

Daftarin ya tsaya a shafi 21. Na ba malamai uku su karanta, biyu maza da shugabar zumuntar mata. Mazan sun ce sashen Hawot-yayir ya yi nauyi, don haka zan mai da adadin nan uku cikin ɗan jadawali in rage rubutun. Mama kuwa ta tambaye ni, "Malam, 'ya'ya 30 ai ba mace ɗaya ta haife su ba, me ya sa ba ka ce komai a kan iyayensu mata ba?" A kan Gidiyon Nassi ya faɗa a fili cewa yana da mata da yawa, a sura ta 8 aya ta 30, a kan Yayir kuwa ya yi shiru. Zan rubuta wannan yadda yake, in sa tambayarta ta zama ta huɗu a cikin tambayoyin tattaunawa.

Saura in sake duba kowace sura da aya da na ambata, in daidaita rubutun sunaye da fassarar da ikilisiyoyinmu suka fi riƙewa, in kuma nemi kuɗin buga kwafi 200 kafin taron malamai na watan Yuli. Gobe da safe zan fara da jadawalin.